Daga Askar Wanzami Zuwa Kwalbar Rigakafi: Tarihin Tsare Magani da Kayan Jinya Daga Ƙwayoyin Cuta a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya guda ɗaya wadda mutumin birnin Kano ya daɗe yana yi, ko ya furta ta ko ya bar ta a zuci, duk sa'ad da ya zauna gaban wanzami, ko ya karɓi ƙullin magani a Kasuwar Kurmi, ko ya riƙe ɗansa za a yi masa allura. Tambayar kuwa ita ce, shin abin nan da za a sa mini a jiki mai tsabta ne? Ba za mu shiga batun ko magani kaza yana warkarwa ko ba ya warkarwa ba, domin wannan fage ne dabam, kuma yana da masu shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙwayoyin cuta, watau ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita, da yadda sukan shiga cikin magani ko su maƙale a jikin kayan jinya tun daga inda aka yi su, har abin da aka nufa da waraka ya zama shi ne sanadin ciwo.

Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafawa shi ne cewa a da can mutumin birni yana da ma'auninsa, watau idonsa da hancinsa da sanin da ya yi wa mai sana'ar. Tun daga ranar da magani ya shiga kwalba, aka fara yin sa da yawa domin mutanen da mai yin bai sani ba, ma'aunin nan ya daina aiki. Daga nan tsaro ya koma wurare biyu: masana'antar da ke nesa, da hannun da ke kusa. A ganinmu Kano ta fi sa ido kan na nesan, alhali kuwa na kusan ya fi yi mata ɓarna.

Tsarki, da tsabta, da abu na uku

Kafin mu tsunduma cikin tarihi ya kamata mu bambanta wasu kalmomi. Bahaushe yana da tsarki, yana kuma da tsabta. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala a zaurukan malaman Madabo da sauran unguwannin birni ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana duba ruwan tsarki ne ta fuskoki uku, watau launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan hukunci ne na ibada, kuma ya wadatar ga abin da aka yi shi dominsa. Tsabta kuwa ita ce gusar da dauɗar da ake gani: wanka, da wanki, da shara, da rufe abinci.

Akwai abu na uku wanda harshenmu bai ba shi suna ba, domin ba a san da bukatarsa ba. Shi ne a ce ba a bar ko ƙwayar cuta ɗaya mai rai ba a cikin abu ko a jikinsa. A cikin wannan takarda za mu kira shi tsabtar tiyata. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da ya fi haka ban tsoro shi ne ruwa yana iya ɗaukar ajalin mutum bai yi tsami ba, bai sake launi ba.

Kada wani ya ɗauka wannan rashin sani na Hausawa ne su kaɗai. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur ya tabbatar a Faransa cewa halittu masu rai ne ke ruɓar da abu. A 1867 Joseph Lister ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan tiyata da ruwan kabolik, a 1882 kuma Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a Jamus. Tsakanin rubutun Lister da shigowar sojan Ingila Kano cikin Fabrairun 1903 shekara 36 ce kacal. Likitan Landan na zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo bai fi wanzamin Kurmi sanin wannan al'amari ba.

Maƙeri, da wanzami, da mai magani

Ƙira ta girmi ganuwar Kano. Binciken da aka yi a gindin Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, ganuwa kuwa Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12. Maƙeran baƙi, waɗanda Philip Jaggar ya yi nazari a kansu a farkon shekarun 1970, su ne masana'antar kayan jinya ta farko a wannan birni, domin daga hannunsu aska take fitowa, da almakashi, da ƙarfen sakiya. Abin lura shi ne askar da ta fito daga wutar maƙera ba ta ɗauke da ƙwayar cuta ko ɗaya, domin babu halittar da ke jure wannan zafi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar tana farawa ne bayan aska ta shiga zabira.

Aikin wanzami bai tsaya ga aski ba. Shi ne mai kaciya, da ƙaho, da cire belun jariri, da tsagar gado da ta magani, kuma sana'a ce ta gado mai shugabanta, watau Sarkin Aska. Wanzamin kirki yana wasa askarsa, yana wanke ta, yana goge ta tas, kuma a ma'aunin tsabta babu mai kushe shi. Amma idan aka tara yaran unguwa lokacin sanyi aka yi musu kaciya bi da bi da aska ɗaya, jinin na farko yana isa ga na ƙarshe ko da ido bai gan shi ba. Yanzu mun san cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a jikin busasshen ƙarfe, kuma yaron da ya ɗauke ta yana ƙarami yakan yi shekaru masu yawa lafiya lau kafin hantarsa ta nuna. Wa zai danganta kumburin cikin magidanci da askar da ta taɓa shi yana ɗan shekara bakwai? Haka nan cibiyar jariri: idan ungozoma ta yanke ta da ƙarfen da ya taɓa ƙasa, ƙwayar tetanus, wadda ke zaune cikin turɓaya da kashin dabbobi, takan shiga, bayan kwanaki kaɗan jariri ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Sai a ce iska ce.

Sakiya kuwa ta sha bamban, domin ana gasa ƙarfen ne har ya yi ja kafin a huda kumburin da shi. Masu yin ta zafin suke nema, ba kashe ƙwayoyin cuta ba, amma sun dace da abin da ba su nema ba.

Ta fuskar magunguna ma akwai irin wannan dacewa. Tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, abin da mai magani ke kasawa yawanci busasshe ne: saiwa, da sassaƙe, da ganye, da garinsu. Ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu danshi. Mai saye ya kai gida, a tafasa, a sha cikin kwana ɗaya ko biyu, ko a zuba a kunu mai zafi. Abubuwan da ake haɗawa da su, kamar zuma da tsamiya da jar kanwa, kowannensu yana takura wa ƙwayoyin cuta ta hanyarsa. Inda haɗari yake shi ne jiƙo da tsimi, waɗanda ake bari cikin ruwan sanyi kwana da kwanaki, musamman idan muka tuna irin ruwan da birni ke da shi. Clapperton, da ya zo a 1824, da Barth, da ya zo a 1851, dukansu sun yi maganar fadamar Jakara da ke gefen kasuwa da ƙazantar da ake zubawa cikinta, ga kuma kududdufan da haƙar ƙasar gini ta bari a kowace unguwa, rijiyoyi da masai suna maƙwabtaka da su. Duk da haka akwai wani abu guda da ya taƙaita ɓarnar: tukunya ɗaya ta gida ɗaya ce. Idan ta lalace, mutum biyu ko uku ta shafa.

Asibiti da allura

A ƙarshen shekarun 1920, farkon sarautar Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta gina asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad bayan kisansa a 1976. A 1931 aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki, ana jawo ruwa daga Calawa, a 1932 kuma aka kafa makarantar koyon aikin tsabta wadda ta riƙa yaye duba-gari. Waɗannan abubuwa uku a haɗe suke, domin babu asibitin da zai iya tsabtar tiyata ba da ruwa mai kyau da wuta ba.

Ɗakin haɗa magani na asibiti shi ne ya fara karya ƙa'idar tukunya ɗaya gida ɗaya. Disfensa yakan dama maganin tari ko na ciki a babbar kwalba, marasa lafiya su yi layi kowa da 'yar kwalbarsa a zuba masa. Wannan da sauƙi, domin abin da aka sha yana bi ta tumbi, kuma tsamin tumbi yana kashe ƙwayoyi da yawa. Saboda haka ne ma har yau ba a shar'anta wa maganin sha tsabtar tiyata ba. An dai ƙayyade yawan ƙwayoyin da za a iya samu a ciki, an kuma haramta wasu ɗungum, kamar waɗanda ke nuna alamar najasa. Allura ce ta zo da sabon abu. Ita tana ƙetare fata da tumbi baki ɗaya, ta ajiye abin da ta ɗauko a cikin tsoka ko jijiya, inda jiki ba shi da mai gadi a bakin ƙofa. Kuma jama'a suka so ta ƙwarai, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da fenisilin ta bazu, har ya zama wanda aka sallama da ƙwayoyi kawai yana ganin ba a duba shi ba.

Sirinjin wancan zamani na gilashi ne, ana tafasa shi da alluransa a mayar da su aiki. Tafasawa tana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta, amma wasu, irin ta tetanus, sukan dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri su jure tafasasshen ruwa. Maganinsu shi ne tukunyar tururi mai murfin dannewa, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya ƙera a 1879. A cikinta tururi yana kai zafin digiri 121, a bar kaya minti 15 aƙalla. Har ila yau, a 1923 Florence Seibert ta nuna a Amurka cewa ko an kashe ƙwayoyin, gubar da gawarwakinsu suka bari cikin ruwan allura tana sa zazzaɓi da makyarkyata. Watau ke nan bai isa a gurɓata ruwa sa'an nan a dafa shi ba. Tilas ne ya zama mai kyau tun daga farko.

A asibiti akwai mai sa ido kan tafasa sirinji. A bayan gari da lungunan birni kuwa sai ga 'yan allura masu zaman kansu, sirinji ɗaya a aljihu, a ɗauraye shi a kofi a soka wa na gaba. Wannan ita ce askar wanzami ta dawo da wata kama, ta kuma fi ta shiga jiki.

Abin da masana'antu suka koya da rayukan mutane

Tun da yake mafi yawan allurai da ruwan rigakafin da ake amfani da su a Kano daga wasu wurare ake kawo su, lalle ne mu ɗan fita waje mu ga yadda aka yi ƙa'idojin yin su suka samu. Kusan kowace ƙa'ida tana da makabartarta.

Cikin Oktoban 1902, a ƙauyen Mulkowal na ƙasar Indiya, mutum 19 suka mutu da tetanus bayan an yi musu rigakafin annoba daga kwalba ɗaya. Aka ɗora laifin kan Waldemar Haffkine, shugaban ɗakin da aka yi maganin a Bombai, aka raba shi da aikinsa. Sai daga baya ta bayyana cewa a can ƙauyen ne hantsakin da aka cire murfin kwalbar da shi ya faɗi ƙasa, aka ɗauka aka ci gaba da aiki. A 1907 aka wanke shi. Mun fara da wannan labari ne domin ya nuna cewa ana iya zargin masana'anta alhali hannun ƙarshe ne ya yi ɓarnar. Amma akwai lokutan da masana'antar ce. A 1930, a birnin Lübeck na Jamus, aka ba jarirai 251 rigakafin tarin fuka wanda ya cuɗanya da ƙwayar cutar mai ƙarfi da ake ajiye da ita a ɗaki ɗaya, fiye da 70 suka rasu. A 1955 kamfanin Cutter na Amurka ya fitar da rigakafin shan inna wanda ba a gama kashe ƙwayar da ke ciki ba; kimanin yara 40,000 suka kamu, wajen 200 suka shanye, 10 suka mutu. A 1972, a asibitin Devonport na Ingila, mutum 5 suka mutu bayan an yi musu ƙarin ruwa. Bincike ya nuna iska ce ta maƙale a ƙasan tukunyar tururin masana'antar, kwalaben da ke ƙasa ba su sami cikakken zafi ba, ma'aikata kuma sun saba ganin ma'aunin zafi yana ƙin motsi har sun daina kula shi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a gwada kowane zubi kafin a fitar da shi? Ana gwadawa, amma a duba lissafin. Kwalbar da aka buɗe domin gwaji ta tashi daga aiki, saboda haka kaɗan ake ɗiba, yawanci 20, a shuka abin da ke cikinsu a jira kwana 14 a ga ko wani abu zai tsiro. Idan a cikin kowace kwalba 1,000 ɗaya ce ta gurɓace, damar a ce ta faɗo cikin 20 ɗin nan ba ta wuce 2 cikin 100 ba. Watau sau 98 cikin 100 zubin zai ci jarrabawa, ya tafi kasuwa da gubarsa. Wannan ne ya sa daga ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga ƙa'idojin yadda ake yin magani, ba gwajin ƙarshe kaɗai ba. A tace ruwa a kuma hana shi kwanciya cikin bututu. A tace iskar ɗaki, a sa ta riƙa turowa waje kada ta waje ta shigo. A rufe ma'aikaci tun daga kai har ƙafa, domin fatar ɗan Adam da numfashinsa su ne babbar hanyar ƙwayoyin cuta a irin wannan ɗaki. Abin da zai jure zafi a turara shi, wanda ba zai jure ba a tace shi ta matacin da hudarsa ba ta barin bakteriya ta wuce, sirinjin roba da safar hannu kuwa a kashe musu ƙwayoyi da iskar gas ko da haske mai ratsa kaya bayan an rufe su cikin ledarsu. Sa'an nan a rubuta kome, domin a iya bin sawun kowane zubi.

Duk wanda ya san ƙurar hunturun Kano da halin wutar lantarkinmu zai gane abin da ya sa yin maganin sha a Bompai ko Sharaɗa ya fi yin na allura sauƙi nesa ba kusa ba. Injin tace iska ba ya hutawa. Idan ya tsaya, ɗakin ya tashi daga tsabtarsa. Ba wai ba mu taɓa iyawa ba ne a ƙasar nan: ɗakin gwamnatin tarayya da ke Yaba a Ikko ya yi ta yin rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare daga 1940, har aka rufe shi a 1991 da sunan gyara.

Kasuwa, da sanƙarau, da shan inna

Bayan faɗuwar kuɗin mai da karyewar naira a tsakiyar shekarun 1980, kantin maganin asibitocin gwamnati ya bushe, aka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je ya sayo, har da sirinji da ruwan ƙari. Cinikin magani ya tattara a Sabon Gari, wajen ganuwa, daga can yake shiga kemis-kemis na birni, ya kuma wuce har Nijar da Cadi. Dokar abinci da magunguna ta 1974 da ta jabun magunguna ta 1988 ba su tsayar da abin ba, sai a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Dangantakar jabu da batunmu a fili take: wanda ya yarda ya yi ƙarya kan abin da ke cikin kwalba ba zai sayi tukunyar tururi ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an kai gudummawar rigakafi 88,000 daga Nijeriya. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura garin ba ya narkewa yadda ya kamata, ga kuma wasu baƙaƙen zarurruka a ciki. Da aka bincika sai aka tarar jabu ne, babu maganin a ciki sam, bayan an riga an yi wa kimanin mutum 60,000.

Shekara ɗaya bayan haka sanƙarau ya faɗa wa Arewacin Nijeriya, ya kashe sama da mutum 11,000. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano; cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan ba batun gurɓatar magani ba ne, amma ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai da shi.

A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a, bisa jagorancin Dokta Datti Ahmad, wanda likita ne ɗan Kano, ta yi zargin cewa maganin rigakafin shan inna da ake ɗiga wa yara yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau da abin da ke sa ciwon daji. A cikin shekarar nan gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin. Marubutan waje da yawa sun kira wannan jahilci, mu kuwa ba mu ga haka ba. Tambayar abin da ke cikin kwalba tambaya ce ta masu hankali, kuma tana da tushe a tarihi. Ga abin da ya faru a Cutter. Ga kuma wata ƙwayar bairas ta birai, mai suna SV40, wadda aka gano a 1960 cewa ta shiga rigakafin shan inna na farko daga ƙodar biran da ake renon maganin a kanta, ko da yake binciken shekaru bai tabbatar ta jawo wa mutane ciwon daji ba, kuma tun farkon shekarun 1960 aka wajabta tace ta. Zargin ƙanjamau kuwa ya yi ƙarfi ne bayan littafin Edward Hooper na 1999, wanda ya danganta asalin cutar da wani rigakafi da aka gwada a Kwango a ƙarshen shekarun 1950. Amma kafin 2003 an riga an gwada ragowar wancan tsohon maganin a ɗakunan bincike dabam-dabam ba a sami kome ba.

Inda muke ganin an yi kuskure shi ne wajen neman amsa. An yi ta aika kwalabe ɗakunan gwaji a gida da waje, ba a sami ƙwayar ƙanjamau ba, gardama ta koma kan ɓurɓushin wani sinadarin mata da wasu masu gwaji suka ce sun gani, wasu kuma suka ce ko da yana nan bai kai abin da zai taɓa jikin mutum ba. Mun riga mun ga cewa gwajin 'yan kwalabe ba ya raba irin wannan gardama. Abin da ke raba ta shi ne a san yadda ake yin maganin da wanda ke duba masu yin sa. A ƙarshe ma hakan aka yi, aka tura wakilai suka ga masana'antu da idonsu, Kano ta amince da maganin kamfanin Bio Farma na Bandung a Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka koma aiki a ƙarshen Yulin 2004. Shi kuwa kamfanin yana cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tantance bisa ƙa'idojin da ta tantance sauran. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, kuma a 2005 ta shanye kimanin yara 300 a Indunusiyar kanta, ta fara daga Jawa ta Yamma, lardin da Bandung take. Sai cikin Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Jihar Kano, bayan an harbe masu aikin rigakafi tara a cikin gari a Fabrairun 2013.

Hannun da ke kusa

Watanni da dama aka yi ana taƙaddama kan maganin da ake ɗigawa a baki, wanda ya fito daga masana'antar da ake dubawa. Ba mu ga an yi irin wannan tashi tsaye kan sirinjin da ake maimaitawa a bayan kanta ba, ko kan ruwan ƙarin da ya kwana cikin rana a rumfar kasuwa har ledarsa ta yi rauni. Gyaran da aka samu a wannan ɓangare a hankali ya zo. Tsoron ƙanjamau ya sa wanzamai da yawa suka koma sabuwar reza ga kowane mutum, iyaye ma suka koyi zuwa da tasu. Daga 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya kan sirinjin da ke kulle kansa bayan an yi allura ɗaya domin aikin rigakafi. Cikin Fabrairun 2024, bayan hukuncin kotun tarayya, aka rufe shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta, aka umarci 'yan sari su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro kan hanyar Zariya, inda hukuma za ta iya ganin yadda ake ajiye kaya.

Abin da ya rage, kuma a cikin ganuwa ya fi yawa, shi ne maganin gargajiyar da ya bar tukunya ya shiga gora. Jiƙon basur da na shawara da tsimin mata yanzu ana dafa su da yawa, a ɗura a gorunan roba, sau da yawa waɗanda aka tsinto aka ɗauraye, a jera su a rumfa ko a bayan mota mai lasifika, su yi makonni. An ɗauki girman masana'anta ba a ɗauki ƙa'idarta ba, an kuma saki kariyar da tsohuwar hanya ke da ita, watau bushewa da tafasawa da saurin shanyewa. Wani bincike da aka buga a 2009 kan magungunan gargajiya 150 da aka saya a garin Kaduna ya sami ƙwayar taifot da ta atuni da sauran alamun najasa a cikin kaso mai yawa daga cikinsu. NAFDAC tana yi wa maganin gargajiya rajista bayan gwaji, amma mai gorar da ba ta da ko takarda a jikinta bai san hanyar ofishin ba. Ƙwayar bakteriya ɗaya, idan ta sami abinci da ɗumi irin na jikin mutum, wanda shi ne zafin inuwar Kano a watan Afrilu, tana iya rabuwa biyu duk minti 20 ko 30, kuma ruwan da take ciki ba ya fara dusashewa a ido sai adadinta ya kai miliyoyi a cikin cokali ɗaya.